Mako 12 Ban Taka da Ƙafar Dama Ba: Yadda Aka Gyara Kwarmin Ƙuguna da Dashen Ƙashi

A rana ta 3 da kwantar da ni, babban likitan ƙashi ya shigo ɗakin da nake, riƙe da wani ƙashin ƙugu na roba irin wanda ake koyar da ɗalibai da shi, ya ajiye shi a kan bargon da na lulluɓa, ya jawo kujera ya zauna. Ina kwance rigingine a lokacin, an huda ƙashin cinyata ta dama daga saman gwiwa kaɗan an ratsa shi da siririyar sandar ƙarfe, an ɗaura mata igiya wadda ta bi ta ƙarshen gado da nauyi rataye a jikinta. Ya ce, "Malam, kafin in nemi ka sa hannu a takarda, ina so ka san abin da ya karye a jikinka da abin da za mu yi masa, domin rabin aikin nan kai ne za ka yi shi bayan mun gama namu." Na ɗauki maganar a matsayin lallashi irin na likitoci. Sai da na yi makonni a gida sannan na gane cewa da ya ce rabi, sassauta mini ya yi.

Yadda abin ya faru ba shi da tsawo. Ina zaune a kujerar gaba kusa da direba, gwiwata a lanƙwashe, motarmu ta daki bayan wata babbar mota da ta tsaya ba zato. Gwiwar dama ta bugi dashbod, ƙarfin bugun ya bi tsawon ƙashin cinya har ƙugu, kan ƙashin ya fasa bangon baya na kwarmin da yake zaune a ciki ya fice. Da aka zaro ni daga motar, ƙafar ta gajarce ta murɗe ciki, gwiwar ta karkata wajen 'yar'uwarta, kuma ko taɓa ta aka yi sai in ji kamar raina zai fita. Ma'aikatan sashen gaggawa sun san wannan kamanni sarai, shi ya sa tun kafin a ɗauki hoto na ji ɗayansu yana faɗa wa ɗaya cewa ƙugun ya goce ta baya.

A daren ba a taɓa karayar ba. Abin da aka yi wa gaggawa shi ne mayar da kan ƙashin cinyar cikin gurbinsa, domin jinin da ke ciyar da shi yana zuwa ne ta wasu 'yan siraran jijiyoyi da ke manne a wuyansa, kuma muddin yana waje jijiyoyin nan a miƙe suke ko a matse. Idan aka daɗe a haka, kan ƙashin yana iya mutuwa a hankali ya burma bayan watanni, don haka likitoci suke ƙoƙarin mayar da shi kafin awa 6 ta cika. Ni an yi mini allurar barci an ja ƙafar, ya koma cikin awa 4 da haɗarin. Sai dai da yake bangon da zai tare shi ya farfashe, ba shi da abin jingina, kuma wannan ne dalilin sandar ƙarfe da nauyin da ke rataye: su riƙe shi a wurinsa, su kuma ɗan janye shi daga gutsattsarin ƙashin da ke cikin gaɓar don kada ya ci gaba da gugar su. Washegari aka ɗauki hotuna, ɗaya daga gaba, biyu kuma a karkace bayan an mirgina ni digiri 45 zuwa kowane gefe, kuma mirginawar nan ban manta da ita ba har yau. Daga nan aka shigar da ni na'urar siti, wadda ke ɗaukar ƙashin falle-falle ta nuna abin da hoto na yau da kullum ke ɓoyewa.

Da likitan ya ɗaga ƙashin robar, sai ya sa babban yatsansa cikin kwarmin ya ce sunansa asetabulum, kalmar Latin ce da asalinta ke nufin ɗan ƙaramin kofi, kuma ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a wurin suka narke suka zama ɗaya tun mutum yana matashi. Ya nuna mini yadda ginshiƙai biyu, na gaba da na baya, suka tallabe kwarmin kamar gwafar da aka kifa, kwarmin yana zaune a tsakanin rassanta. Ya ce wannan hanyar kallon ƙashin ta samo asali ne daga likitocin Faransa, Robert Judet da ɗalibinsa Emile Letournel, waɗanda a 1964 suka fara wallafa rabe-raben karayar da har yanzu ake aiki da shi, wanda a yau ya ƙunshi nau'i 10, biyar masu sauƙin fasali, biyar kuma haɗe-haɗe. Hotunan nan biyu da aka mirgina ni dominsu ma sunan Judet suke ɗauke da shi. Tawa karayar tana cikin haɗe-haɗen, wato wani layi ya ratsa kwarmin a kwance ya raba shi sama da ƙasa, ya yanke ginshiƙan biyu gaba ɗaya, sannan bangon baya ya tsage gida 3.

Duk wannan na fahimce shi ba tare da wahala ba, domin a tunanina ƙashi ya rabu, za a haɗa shi a ɗaure. Wurin da na tsayar da shi na ce ya maimaita shi ne inda ya ɗauko hoton siti ya nuna mini wani ɗan fili a gefen kwarmin, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, wanda ya lotsa ciki. Ya ce lokacin da kan ƙashin cinyar yake ficewa, bai tsaya ga fasa bango ba, ya danne wani yanki na fuskar gaɓar, da guringuntsinsa da komai, ya nutsar da shi cikin sassauƙan ƙashin da ke ƙarƙashi. Ƙashin da ke ƙarƙashin nan ramuka ne da shi kamar soso, kuma idan ya murƙushe ba ya sake tashi. Likita zai iya sa siririn kurfi ya ɗago yankin da ya nutse ya mayar da shi daidai da saura, amma da zarar ya ɗago shi sai rami ya bayyana a bayansa, kuma ranar da nauyi ya hau wurin, yankin zai koma inda aka ciro shi. Ramin nan ne ake cikewa da dashen ƙashi. Ya ce ana iya ɗebo ƙashin daga jikin majiyyacin kansa, ko a yi amfani da na wani mutum da aka tace aka adana a ma'ajiyar ƙashi, ko kuma a zuba wani haɗi na sinadarin kalsiyam da ke daskarewa ya cike wurin. Shi ya fi son na jikina, domin shi kaɗai ne ke zuwa da rayayyun ƙwayoyin halitta da sinadaran da ke kiran sabon ƙashi, kuma jiki ba ya ƙin abin da yake nasa. Abin da zan biya a madadin haka shi ne ciwo a wurin da aka ɗeba.

Na tambaye shi ko ba za a bar ɗan wannan lotsawa ba, tunda ƙarama ce. Ya yi murmushi ya ce a wannan gaɓa da milimita ake awo. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, idan ya cinye ba ya tsirowa, kuma duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a gaɓar ƙugu ya ninka nauyin jikinsa sau 2 zuwa 3 saboda jan da tsokoki ke yi. Idan aka bar ɗan tudu ko ɗan kwari a fuskar kwarmin, kan ƙashin zai yi ta gugar gefensa dubban lokuta a kowace rana har gaɓar ta lalace. Ya ambaci ma'aunin da likitan Amurka Joel Matta ya kafa, wanda ke cewa gyaran da ya bar tazarar milimita 1 ko ƙasa da haka ya dawo da gaɓa yadda take, na milimita 2 zuwa 3 yana da saura, wanda ya haura 3 kuwa bai yi kyau ba. Na dubi kaurin takardar da ke hannunsa, na yi shiru.

Daga nan ya karanto mini abubuwan da ka iya biyo baya, bai ɓoye ko ɗaya ba: zubar jini mai yawa har a buƙaci ƙari, shigar ƙwayoyin cuta, gudan jini da ke iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, tsirowar ƙashi a cikin tsoka inda bai kamata ba, mutuwar kan ƙashin cinya duk da an mayar da shi da wuri, da amosanin gaɓa bayan shekaru. Ya fi daɗewa a kan babbar jijiyar da ake kira sayatik, mai kai ji da motsi zuwa ƙafa, wadda kaurinta ya kai na yatsa, da ke wucewa daf da bayan kwarmin. Tun ranar haɗarin gefen ƙafata ta waje ya yi dindiris, alamar an riga an ɗan taɓa ta, kuma ya ce idan ta ƙara samun rauni ƙafar na iya saki ta yadda ba zan iya ɗaga tafinta sama ba. Ya tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a, ya ce na rage wa kaina matsala guda, domin taba tana matse ƙananan jijiyoyin da dashen zai dogara da su. Na sa hannu. An tsayar da rana ta 6 don tiyatar, bayan an gama gwaje-gwaje an kuma tanadi jini. Ya ce ba a son a wuce mako 2 zuwa 3, domin daga nan gutsattsarin sukan fara kamewa a inda suke, sai an sake fasa su kafin a jera su.

Game da tiyatar kanta, abin da idona ya gani bai wuce fitilun rufin ɗakin ba, da sanyin wurin, da muryar likitar barci tana cewa in ja numfashi sosai. Sauran duk ji na yi daga bakin likitan da mataimakinsa, waɗanda na dame su da tambaya har suka zauna suka zana mini a takarda. An kwantar da ni rub da ciki, an lanƙwasa gwiwar an miƙe ƙugun, domin a haka ne jijiyar sayatik take sakin jiki ba ta ɗaurewa, kuma akwai wanda aikinsa kenan tun daga farko har ƙarshe, ya tabbata gwiwar ba ta miƙe ba. An shiga ta baya, ta hanyar da ake kira Kocher-Langenbeck, aka raba babbar tsokar ɗuwawu bisa tsawon zarenta, aka nemo jijiyar aka kare ta, aka yanke wasu gajerun tsokoki da ke juya cinya nesa kaɗan da mahaɗarsu don kada a taɓa jijiyar jinin da ke ciyar da kan ƙashi. Sai aka ja ƙafar aka wanke cikin gaɓar, aka tsince ɓarɓashin ƙashi da guringuntsin da suka faɗa ciki, domin ko guda ɗaya aka bari zai zama kamar tsakuwa a cikin takalmi.

Bayan an haɗa layin da ya ratsa kwarmin da manyan matsai an kafe shi, sai aka zo kan wurin da ya lotsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a bayaninsu shi ne cewa ba su da wani ma'auni da ya fi kan ƙashin cinyata. An zaunar da shi daidai a gurbinsa, sannan likitan ya sa kurfi can ƙasa da guringuntsin, ya ɗago yankin tare da ɗan kaurin ƙashin da ke ƙarƙashinsa don kada ya ɓare, ya yi ta matso shi a hankali har ya kwanta a jikin kan ƙashin ba tudu ba kwari. An yi niyyar ɗibar dashen daga tudun ƙashin cinya da hannu ke iya taɓawa a gefen ƙugu, tunda yana cikin yankan da aka riga aka yi, amma da ramin ya buɗe sai aka ga ya fi yadda hoto ya nuna. Saboda haka aka yi wani ɗan yanka na dabam a bayan ƙugu, a saman ƙashin inda ɗamara ke zama, aka buɗe 'yar taga aka kwarfo sassauƙan ƙashi mai jini da ɓargo. An dandanna shi cikin ramin kaɗan-kaɗan har ya cika ya yi tauri, sannan aka rufo gutsattsarin bangon a kansa kamar murfi. Waɗanda suka yi ƙanƙanta da a huda su an danne su da 'yan ƙananan ƙarafa masu ƙugiya, aka kawo dogon ƙarfe da aka lanƙwasa daidai da siffar ƙashin aka shimfiɗa a kan bangon gaba ɗaya, aka ɗaure shi sama da ƙasa da kusoshi masu murɗi. Kafin a rufe, an yi ta haska wurin da na'urar hoto ta kusurwoyi dabam-dabam, aka kuma jujjuya ƙafar ana saurare, don a tabbata babu kusar da bakinta ya leƙa cikin gaɓa. Aikin ya ci awa 5, an ƙara mini jini leda 2.

Abu na farko da na ji da na farfaɗo shi ne hannu a tafin ƙafata da murya tana cewa, "Malam, ɗaga babban yatsanka sama, kamar za ka nuna fuskarka da shi." Na tattara duk ƙarfina, yatsan ya motsa, tafin ƙafar ya biyo shi, na ji mataimakin likitan ya sauke ajiyar zuciya. A kwanakin farko kusan duk wanda ya shigo ɗakin sai ya sa ni na maimaita wannan motsi. Wani abin da ban zata ba kuma shi ne cewa ɗan yankan da aka ɗebi dashen, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ya fi babban yankan damuna idan na kwanta rigingine, kuma zoginsa bai lafa ba sai bayan kusan wata 2.

Kwanakin asibiti bayan tiyata sun tafi bisa tsari ɗaya. An cire robar fitar da jini a rana ta 2. Kullum ana yi mini allurar hefarin a fatar ciki don hana jini daskarewa, kuma na ci gaba da ita a gida na wasu makonni. An ba ni ƙwayar indometasin don rage tsirowar ƙashi a cikin tsoka, amma na mako 1 kacal, kuma likitan ya faɗa mini dalili: maganin da ke hana ƙashi tsirowa inda ba a so yana iya rage masa kuzari inda ake so, ga shi kuma akwai dashe da bango da ake jira su kama. Wasu likitocin, in ji shi, sukan zaɓi haska wurin da ɗan ƙaramin haske irin na maganin daji sau ɗaya a cikin kwana 3 na farko. Daga baya, a zaman gida, na karanta cewa tun a 1965 wani likitan Amurka mai suna Marshall Urist ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adinai a cikin tsokar dabbobi ya ga sabon ƙashi ya tsiro a wurin, wanda ya nuna cewa ƙashi yana ɗauke da sinadarin da ke kiran ɗan'uwansa. Sai na ga ashe ɗabi'ar da ake roƙo ta yi aiki a cikin ramin kwarmina ita ce ake ƙoƙarin kwaɓa a tsokar da ke kusa da shi.

A rana ta 3 bayan tiyata likitar gashin ƙashi, mai koya wa majiyyaci motsa gaɓoɓi, ta zo da sandunan dogarawa da sikelin awon nauyi. Ta zaunar da ni a bakin gado har jirin da ya ɗebe ni ya wuce, ta tsayar da ni a kan ƙafar hagu, ta tura sikelin ƙarƙashin ta dama ta ce in ɗora. Allurar sikelin ta haura kilo 30 ban ma sani ba. Ta ce in rage, na rage, ta ce in ƙara ragewa, har ta tsaya wajen kilo 10, sannan ta ce, "To, Malam, haddace wannan da ƙafarka, domin shi ne iyakarka har mako 12." Na ce ai da sauƙi in ɗage ƙafar gaba ɗaya in huta da lissafi, sai ta ce a'a, domin idan na rataye ƙafar a iska, tsokokin ƙugu ne za su ɗaure don su riƙe ta, kuma matsin da za su yi wa gaɓar ya fi na ajiye ta a ƙasa a hankali. Ta ƙara da dokokin da ke kare bangon baya: kada in lanƙwasa ƙugun ya wuce digiri 90, kada in harɗe ƙafafu, kada in murɗa ƙafar ciki, kada in zauna a kujera mai zurfi, in kuma sa matashi tsakanin gwiwoyi idan zan kwanta. Da waɗannan aka sallame ni a rana ta 9 bayan tiyata, aka cire ɗinki a mako na 2.

Makonni 4 na farko a gida ciwo ne ya riƙe ni, don haka bin doka bai yi wuya ba. Wahalar ta fara ne lokacin da ciwon ya tafi. Zuwa mako na 6 ina barci lafiya, ƙafar tana lanƙwashewa, hoton da aka ɗauka ya nuna ƙarafa na nan inda aka sa su, kuma zuciyata ta fara raya mini cewa likitoci sun cika tsoro. A mako na 7, wata safiya, sandata ɗaya ta zame ta faɗi nesa da inda nake tsaye, maimakon in kira maiɗakina sai na yi taku 2 da cikakken nauyina na ɗauko ta. Ban ji komai ba a lokacin, amma da yamma wani zogi mai zurfi ya taso a matsematsina, na kwana ban rintsa ba, ina ta ganin ɗan yankin nan yana nutsewa cikin raminsa. Da gari ya waye muka koma asibiti. Hoto ya nuna babu abin da ya motsa, tsoka ce ta ji jiki, amma likitan bai bar ni na tafi da murnata haka nan ba.

Ya ce rashin ciwo ba shaida ba ce, domin ƙarfe ne ke riƙe da ni a yanzu, kuma ƙarfen yana tare bango ne daga waje, ba ya ɗaukar yankin da aka ɗago daga ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin wannan yanki dashe ne kawai, kuma dashe a mako na 7 bai gama zama ƙashina ba. Yawancin ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sukan mutu a kwanakin farko saboda an raba su da jininsu, sai waɗanda ke bakin-baki suke tsira. A makonnin da ke biye, sababbin jijiyoyin jini suna kutsawa cikin ramukansa daga ƙashin da ke kewaye, suna kawo ma'aikata iri biyu, masu shimfiɗa sabon ƙashi a kan tsohon da masu cinye tsohon daga ƙarƙashi. Ya kwatanta abin da maginin da ke sauya tubalan katanga ɗaya bayan ɗaya alhali katangar tana tsaye, ya ce ba a ɗora wa irin wannan katanga rufi sai an gama. Idan yankin ya nutse ko da milimita 2 ne, ba zan ji shi a ranar ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma a lokacin babu abin da ya rage sai sauya gaɓar da ta ƙarfe. A ganina wannan ne bayanin da ya kamata a riƙa maimaita wa majiyyaci a mako na 5 ko na 6, lokacin da ya fara jin daɗin jikinsa, domin wanda aka yi mini a rana ta 3 da kwantar da ni ina cikin azaba da magani, rabinsa bai zauna ba. Makonni 5 da suka rage na yi su da sikelin a gefen gado, ina gwada ƙafar kowace safiya kafin in yi taku ɗaya.

A mako na 12 hoto ya nuna layin karayar ya dusashe, aka ba ni izinin ƙara nauyi a hankali, kashi ɗaya bisa huɗu a kowane mako. Na ɗauka daga nan sai tafiya, amma cinyar dama ta rame har ana gani da ido, kuma tsokokin gefen ƙugu da ke hana mutum karkacewa idan ya tsaya da ƙafa ɗaya sun yi laushi, ta yadda duk takun da na yi sai jikina ya rinjaya gefe. Gashin da ya biyo baya maimaici ne mai gundura, ɗaga ƙafa a kwance, tsayawa da ƙafa ɗaya a gaban madubi, tuƙa keken da ba ya tafiya, hawa mataki da sauka. Na ajiye sanda ɗaya a wata na 4, na ajiye ta biyun a wata na 6, ɗingishin kuma bai rabu da ni ba sai wajen wata na 10. Dindiris ɗin gefen ƙafa ya ragu ƙwarai amma bai tafi duka ba, akwai wani wuri kusa da ƙaramin yatsa da har yanzu nake jin sa kamar ta cikin safa.

Likitan ya ce zai ci gaba da duba ni aƙalla shekara 2, domin mutuwar kan ƙashi tana iya ɓoyewa tsawon wannan lokaci kafin ta bayyana a hoto. Da na tambaye shi makomar gaɓar, sai ya kawo mini binciken da Matta da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, inda suka bi mutane sama da 800 da aka yi wa irin wannan tiyata, suka ga cewa bayan shekara 20 kimanin kashi 79 cikin 100 suna nan da gaɓarsu ta asali. Ya kuma gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa lotsawar fuskar gaɓa da karyewar bangon baya suna cikin abubuwan da ke rage wa mutum wannan rabo, kuma ni ina da duka biyun. Ko da ranar sauya gaɓa ta zo, in ji shi, ƙashin da aka jera aka cike zai zama gurbi mai ƙwari da za a zaunar da sabon kwarmi a kai.

A ziyarar cikar shekara 2, ya liƙa hoton a jikin allon haske ya nuna mini kan ƙashin cinyar yana nan da zagayensa, tazarar gaɓar ta ɗan ragu kaɗan idan aka gwada da ta hagu, da wani ɗan ƙashi kamar ƙwayar dutse da ya tsiro a tsokar baya wanda bai hana ni motsi ba. Na roƙe shi ya nuna mini dashen. Ya matso kusa da allon, ya bi gefen kwarmin da bakin alƙalaminsa, ya koma ya sake bi, sannan ya ce ba zai iya raba shi da sauran ƙashin ba, sai dai ya ƙiyasta wurin daga kusar ƙarfe ta uku, ya ɗora alƙalamin a nan. Ya rubuta mini ranar dawowa bayan shekara guda, ya ce idan na fara jin zogi a matsematsi lokacin hawa mataki, kada in jira ranar.